MAMA MAI ƘULI TA GARINMU UTAI

Kullum a nan muna ta cece-kuce a kan tattalin arziki: farashin dala, litar fetur, bashin da aka ciwo, kasafin kuɗi na tiriliyan kaza. Ni ma ina cikin masu yi. To yau ku ara mini lokacinku in ba ku labarin wata tsohuwa da ta rasu makon jiya a garinmu Utai, ta ƙaramar hukumar Wudil, domin a wurinta na fara ganin yadda kuɗin talaka yake juyawa tun ban san ana kiran abin tattalin arziki ba. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Mu dai tun muna yara Mama Mai Ƙuli muke ce mata. Manya kuma Matar Malam suke cewa. Ba mu taɓa kama sunanta ba tana raye, ba kuwa zan fara yau ba.

Bahaushiya ce, kuma Kirista. Na san wasu a nan za su ce, au, dama akwai? Akwai mana, kuma ba baƙi ba ne. A ƙauyukan Sumaila da Rano da Tudun Wada akwai Hausawa da kakanninsu Maguzawa ne, wasu suka musulunta, wasu suka bi addinin Kirista tun zamanin turawan mishan na SIM, waɗanda ikilisiyar ECWA ta fito daga aikinsu a 1954. Mama daga ɓangaren Sumaila ta fito. Hausarta ta fi tawa, karin maganar da ke bakinta kuwa ko kakata sai ta yi da gaske.

Aure ne ya kawo ta garinmu. Mijinta malamin firamare ne, an turo shi a zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta da aka fara a 1976, lokacin da ake neman malamai ido rufe. Ku tuna fa wane gari ake magana. Utai tsohon mazaunin Joɓawa ne, dangin Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a ƙasar Kano a farkon ƙarni na 19. Gari ne na allo da tawada. A nan wannan mata ta sauka da kwanukanta da Littafi Mai Tsarki a cikin akwati, aka ba su ɗaki biyu katanga ɗaya da gidanmu. Ta zauna fiye da shekara arba'in.

Malam ya rasu a shekarun SAP, lokacin da albashin malamin makaranta ba ya kai rabin wata. Ya bar ta da yara biyar, babban bai gama firamare ba. Danginta suka zo da mota za su kwashe ta. Innata ta ce har an fara ɗaure kaya, sai Mama ta zauna a kan turmi ta ce ita fa ba inda za ta, can gona ce kawai, nan kuwa tana da masu sayen mai. Da wannan turmin ta yi wa yara biyar karatu.

Bari in ɗan tsaya a kan sana'ar, don 'yan yanzu da yawa ƙuli kawai suka sani a leda. Gyaɗa ɓararriya ake saye da tiya ko da buhu. A tsince ta, a fitar da ruɓaɓɓiya, don ƙwaya ɗaya mai ɗaci tana iya ɓata kasko guda. A soya ta sama-sama, a murje jan ɓawon, a fece a faifai. Da can a turmi ake dakawa, daga baya aka koma kai wa inji. Idan niƙa ya dawo sai a zuba a turmi, ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya, har mai ya fara tasowa. A nan gwaninta take. Ruwa ya yi yawa, an yi asara. Ya yi kaɗan, man ya maƙale. Abin da ya rage bayan an matse shi ne tunkuza, ita ake mulmulawa a soya a cikin man nan nata, ta zama ƙuli. Babu abin da ake zubarwa. Ɓawon ma akuya ce ke ci.

Lissafin Mama kullum ɗaya ne: mai ya mayar da kuɗin gyaɗa da itace da niƙa, ƙuli shi ne riba. Duk ranar da ta ga sai ta haɗa da kuɗin ƙuli kafin uwar kuɗi ta fito, ta san kasuwa ta ɓaci. Masu tsire na bakin titi a wurinta suke ɗaukar ƙulin da suke dakawa su yi garin tsire. Matan gida suna aiko yara a ba su na kwaɗon zogale da rama. Mu 'yan makaranta na jiƙa gari muke saye.

Ana yawan ba mu labarin dalar gyaɗa a Kano, da jirgin ƙasa, da su Alhassan Ɗantata. Gaskiya ne. Amma bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dalar ta rushe, fitar da gyaɗa waje ya mutu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gyaɗar ba ta bar ƙasar Kano ba. Ta koma cikin gidaje, hannun mata irin su Mama, kwalba-kwalba, tiya-tiya. Su suka riƙe ta shekara da shekaru ba tare da wani ya rubuta sunansu a ko'ina ba.

Sai dai abin da ya sa ta zama ginshiƙi a unguwarmu ya wuce ƙuli. Iyayenmu mata a kulle suke. Suna sana'a, sosai ma, amma daga cikin gida, yara ne ƙafarsu. Mama ita tana fita. Duk ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, tun da sassafe za ka ga yara suna shiga gidanta da kuɗi a ƙulle a bakin tsumma. Wannan a sayo mata gishiri da kanwa, waccan zaren saƙar hula, wata kuma kwanon samira take tarawa 'yarta. Mama za ta tafi da saƙon mata goma sha, ta dawo da yamma ta raba wa kowa kayanta da canjinta, ko kwabo ba ya ɓata. Ita ke gaya musu farashin da ake ciki, don kada dillalai su cuce su. Innata takan ce, "Matar Malam ita ce rediyonmu."

Da haka ta zama uwar adashi. An yi ta gwada wasu ana samun rigima, wata ta ci zubi, wata ta ce ta bayar ba a gani ba. Mama kuwa tana rubutawa. Ta iya karatun boko, kuma ba a aji ta koya ba, a majami'a ta koya, don ta karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa tun 1932. Tana da wani littafi mai bango ja irin na 'yan makaranta, idan ya cika ta sayi wani. Shafi ɗaya na adashi, shafi ɗaya na bashi. Ba ta rubuta sunan mace, sai ta rubuta "uwar wane" ko "gidan mai shayi". Daga wannan adashin aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki, aka sayi awaki, aka biya kuɗin jarrabawa. Ita ce kuma mai karanta wa mata wasiƙar mazajensu da suka tafi cirani Ikko, da katin asibiti, da yadda za a sha magani. Sirrin gidaje nawa ne a cikinta, Allah kaɗai ya sani. Ba a taɓa jin ko ɗaya a waje ba.

Ni ɗan fari ne. Kun san halin iyayenmu da alkunya, Innata ba ta kama sunana, ba ta tambayata makaranta a gaban mutane. Mama ce ke yi. In na dawo da sakamakon jarrabawa, gidanta nake fara shiga. Ta sa tabarau ta duba, ta ce, "Ɗan nan, lissafin nan fa? Wanda bai iya lissafi ba ko ƙuli ba zai iya sayarwa ba." Sai ta leƙa ta kan katanga ta ce, "Yaya, ɗanki ya yi ƙoƙari." Innata ta yi kamar ba ta ji ba. Da daddare sai in ga nama biyu a tuwona.

Maganar addininta kuwa, ba ta wasa da shi ko kaɗan. Ranar Lahadi ba ta hura wutar suya, ko nawa za ka ba ta. Za ta yi wanka, ta shirya yaranta, su nufi Wudil sujada, damina da rani. Tana cikin zumuntar mata, tana da zanen da suke ɗaurawa iri ɗaya, ita ce ma mai buga musu tulu idan suna waƙa. Duk suyar da ta yi, kwalbar farko a gefe take ajiyewa, ta ce wannan ta baiko ce. Ba ta taɓa kiran ɗan kowa zuwa addininta ba, ba ta kuma taɓa ɓoye shi don ta faranta wa wani ba.

Mu ma ta san namu ciki da bai. In an kira sallar magariba muna wasa a ƙofarta, ita ke korar mu: "Ku tashi ku tafi masallaci, ba kwa jin kira ne?" Da azumi ba za ka ga tana cin abu a tsakar gida da rana ba, kuma takan rage kuɗin mai saboda masu ƙosan buɗa-baki. Da Kirsimeti, akuyarta Babanmu take kawo wa ya yanka, don duk unguwa a ci ba tare da shakka ba. Da babbar salla kuwa, naman da ke taruwa a gidanta ya fi na wasu masu layyar.

Kada in sa ku ɗauka komai lafiya lau ne. An yi mata abubuwa. Akwai yaran da suka riƙa bin 'ya'yanta da waƙar arna a hanyar makaranta. Akwai gidan da har ta rasu ba sa cin abin hannunta, amma suna zubin adashi a wurinta. Ta sani sarai. Abin da takan ce shi ne, kowa da inda hankalinsa ya tsaya.

A watan Oktoba na 1991, da rikici ya ɓarke a birnin Kano kan zuwan mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke, labari ya iso mana da ƙarin gishiri. Ina yaro amma ina tune. Wasu samari, ba ma 'yan unguwarmu ba, suka fara kai-kawo. Mama ta tara yaranta a ɗaki ta kulle. Bayan isha'i sai mai unguwa da liman da Babanmu suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanta. Liman ya ɗaga murya ya ce, "Matar Malam, ki kwanta ki yi barci. Mijinki ya koya wa 'ya'yanmu karatu, amanarsa tana wuyanmu." Kwana uku suna kwana a wurin. Ba a yi jawabi ba, ba a ɗauki hoto ba. Rana ta huɗu ta hura wuta ta ci gaba da suya.

Jarrabawar da ta fi taɓa ta daga cikin gida ta zo. 'Yarta ta uku ta musulunta, ta ce wani saurayi ɗan garinmu take so. Mama ta yi kuka, Innata ce shaida. Danginta na can suka ce ta sallama yarinyar. Wasu a nan kuma suka fara cewa ai yanzu yarinya ta zama tasu, uwar ba ta da ta cewa. Mama ta yi sati ba ta ce uffan ba. Daga nan ta kwashi adashinta, ta je Wudil ta sayo gado da katifa da kwanuka, ta yi mata kayan ɗaki daidai da na yayyenta, ko cokali ba ta rage ba. Ta ce, "Ni na haife ta, ba wanda zai yi mata gara sai ni." Yau jikokinta wasu suna Islamiyya, wasu suna makarantar Lahadi, kuma duk a tabarma ɗaya suke cin tuwo idan sun zo hutu. Cikin 'ya'yan nata akwai ma'aikaciyar jinya, akwai malamin makaranta, ƙaramin kuma ya yi jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Da kuɗin ƙuli.

To, yanzu ga inda labarin ya haɗu da abin da muke tattaunawa kullum.

Wannan mata ta ga canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira a 1973. Ta ga canjin launin kuɗi na 1984. Ta ga SAP. Ta ga shigowar man kanti na jarka da ya karya farashin man gyaɗa. Duk ta tsallake. Abin da ya durƙusar da sana'arta shekara ɗaya ce, 2023.

Da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, Mama ba ta da asusun banki. Jarinta da kuɗin adashin mata duk tsofaffin takardu ne a cikin kwalla. Ɗanta ya kwasa ya kai banki, ya yi kwanaki yana bin layi. Kuɗi sun shiga, fitowa ta gagara. Mai gyaɗa a ƙauye ba ya karɓar tiransifa, mai inji ba ya karɓa, yarinyar da aka aiko sayen ƙulin naira hamsin ba ta da waya. Sai da ta kai ana sayen naira da naira a wurin masu POS. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, adashin da ya shekara talatin yana tafiya ya tsaya, don ba mai abin zubi.

Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Mu a birni kuɗin mota muke kuka da shi. Ita kuwa ta ko'ina abin ya same ta: kuɗin kai gyaɗa gida, kuɗin niƙa, kuɗin itace, ga gyaɗar kanta ta yi tashin gwauron zabi. Masu saye kuma aljihunsu ya bushe, mai sayen kwalba ya koma sayen cokali biyu a leda. Lissafin nan nata ya daina fita. Mai ba ya mayar da uwar kuɗi, ƙuli ba ya cike giɓin. Na je gaishe ta da ƙaramar salla na tarar turmin a kife. Na ce, "Mama, yau ba aiki?" Ta ce, "Ɗan nan, da ina sayar da ƙuli in ci riba. Yanzu in na soya, jarina nake soyawa."

Ba yunwa ce ta kashe ta ba, 'ya'yanta sun riƙe ta da kyau, kuma ta haura saba'in, ga hawan jini. Amma wallahi tun da ta kife turmin nan ba ta ƙara zama daidai ba. Kuma ba ita kaɗai ta yi asara ba. Mata huɗu da ke taya ta suya tana biyansu sun rasa abin yi. Masu tsire sun koma sayen ƙuli daga nesa. Matan da ke samun jarin farko daga adashinta ba su da inda za su. Irin wannan rufewar ba ta fitowa a labarai, don ba kamfani ba ne, ba shi da allo a bakin titi. Amma ku leƙa unguwarku ku ƙirga turame nawa aka kife daga 2023 zuwa yau, masu ƙosai nawa suka daina fitowa, masu daddawa nawa suka koma zaman jiran abin da ɗa zai aiko.

An kai ta garinsu an binne ta kusa da mijinta, kamar yadda ta yi wasiyya. Amma zaman makoki a Utai aka yi. Matan zumunta sun zo daga Wudil da zanensu iri ɗaya, matan unguwa sun fito da hijabansu, har da waɗanda ban taɓa ganin sun taka ƙofar gida da rana ba. Innata, da ƙyar take tafiya yanzu, ta ce a riƙe ta a kai ta. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Mama ta kasa cewa komai.

Babbar 'yarta ta nuna mini littattafan nan masu jan bango, a ɗaure da tsumma a ƙasan akwati. A shafukan bashi, da yawa an ja layi a kai an rubuta "na yafe" da rubutunta mai karkata. Wasu kuma ba a ja ba. 'Ya'yan sun yi shawara sun ce ba za su bi kowa ba. Duk wanda ya san akwai nasa a ciki kuma yana da hali, ya kai wa matan nan huɗu, don suna so su tayar da turmin su ci gaba. 'Yan Utai da ke bibiyata a nan, na isar muku. Kowa ya san kansa.

Sauran jama'a kuma, roƙona kaɗan ne. In akwai irin wannan mata a unguwarku, ku sayi nata ko da na kanti ya fi sauƙi da 'yan nairori. In kun ci bashinta ku biya, jarinta bai kai abin da kuke sa wa a data a wata ba. Masu ilimin cikinmu, ku taimaka musu da buɗe asusu da sanin yadda ake karɓar kuɗi ta waya, don kada wani canjin ya sake riskarsu a kwalla. Masu neman ƙuri'a kuma, idan kun zo rabon tallafin jari, ku tambayi matan unguwa wace ce uwar adashinsu, ita ta san wadda za ta juya kuɗi da wadda za ta cinye. Sannan mu riƙa gaya wa yaranmu cewa maƙwabci maƙwabci ne, kamar yadda iyayenmu suka nuna mana a aikace a 1991.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta da jikokinta, da 'yan zumuntarsu, da matan unguwarmu baki ɗaya. Allah ya ba su haƙurin rashi, ya raya abin da ta bari, ya kawo mana sauƙin wannan rayuwa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau da imani.